Alherin Da Muka Yi Wa Ladi

Tun da ƙafafuna suka ƙi ni, ɗana ya ɗauko ni daga Maigatari ya kawo ni gidansa a Gumel, ya ajiye ni a ɗaki mai daɓen siminti, wai in huta. Hutun kuwa shi ne in wuni ina sauraron injin niƙa yana kururuwa, babura suna keta unguwa kamar ana korarsu, rediyon maƙwabta yana ta surutu ba mai amsa masa. A bayan katangarmu akwai wani ɗan coci na kwano da baƙi 'yan kudu suka gina. Ran Lahadi sukan fara waƙa tun da hantsi, jikokina su kife turmin da ba a daka a cikinsa su hau, suna leƙe suna dariya. Ni ba na dariya. A cikin waƙoƙin nan akwai guda ɗaya da na san karinta tun kafin in haifi ubansu, kuma duk ranar da aka ɗauko ta abinci ba ya shiga mini.

A zamanin da nake faɗi, turmi ne ke tashin gari. Kafin a fito daga masallaci da asuba za ka ji taɓarya ta fara daga gidan mahauta, gidan maƙera su amsa, sai gari ya ɗauka, 'yan mata suna lugude suna tafi tsakanin bugu da bugu. Surukata Inna, Allah ya jiƙanta, in ta ji wani gida shiru da safe sai ta aika a dubo, ta ce ko ciwo ne ko rumbu ya ƙare, kuma duka biyun ba a barin mutum da su shi kaɗai. Yau maƙwabciyarka sai ta yi kwana da kwanaki a kwance ba ka sani ba, tun da kowa injin yake kai hatsinsa. Rijiyarmu zurfi gare ta, sai an ƙulla igiya da igiya, tafin hannunmu duk kanta. Ran Alhamis raƙuman Buzaye su gangaro daga arewa da kanwa da mangul, su durƙusa a bakin kasuwa suna gurnani, warinsu ya shiga har cikin ɗakuna. Mun sha wuya, kuma ko an ce za a mayar da ni ba zan koma ba. Amma mun san juna, har muka ɗauka duk abin da ya yi mana daidai ya yi wa kowane ɗan Adam daidai.

Turawa ba su daɗe da shata iyaka tsakaninsu da Faransa ba suka kafa rumfar kwastan a bakin gari, suka kawo wani akawu daga Lakwaja. Baƙin mutum ne kamar mu, yana jin Hausa, amma Kirista ne, da farin wando da takalmi mai ƙara. Ya zo da matarsa da 'yarsu Mairo a goye. Matar ba ta san garinsu ba. Tana ƙarama aka kama ta, Turawa suka ƙwace ta daga hannun masu sayar da bayi suka ba 'yan mishan. Su suka rene ta, suka koya mata karatu da ɗinki, suka ɗaura mata aure da akawun a coci, da zobe a yatsa. Sunan da suka sa mata ya fi ƙarfin bakinmu. Da muka ga ran Lahadi ba ta daka ba ta wanki, sai zama da littafi da waƙa, muka laƙaba mata Ladi, ta kuwa amsa.

Ni a lokacin ina aurena na biyu. Na farkon bai yi daɗi ba, mutumin ya sake ni, na yi idda a gidanmu, maigidana ya nema aka ba shi, kuma ba wanda ya ga abin magana a ciki. Zana ɗaya ce tsakaninmu da gidan akawu. A rijiya muka saba da Ladi, ranar da na same ta tana kokawa da guga kamar za ta bi shi ciki. Na yi mata dariya har na riƙe ciki, sannan na karɓa na ja mata. Ni na koya mata tuƙin tuwon gero ba gudaji, ita ta koya mini ɗinki mai laushi wanda ba a ganin sawun allura. In tana surfe takan yi wannan waƙar a hankali, ni kuwa ina tsokanarta wai hatsin ma ya musulunta a hannunmu ita tana so ta mayar da shi. Ba ta fushi. Abu ɗaya ne na lura da shi tun farko: ko a wasa ba ta faɗin abin da ba haka yake ba. In miyarka ba ta yi ba, ka tambaye ta, za ta gaya maka.

Ana nan aka ɗauke akawu zuwa Kano. Ya ce zai je ya nemi ɗaki ya aiko a tafi da su. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo, shiru. Sabon akawu ya karɓi gidan, Ladi ta fito da tabarma da akwati da yarinya ba ta san inda za ta nufa ba. Surukina Baba, malami ne mai makarantar allo a zaurensa, ya ce ba a gabansa mace za ta kwana a waje ba, ko wane addini take yi. Aka share mata ɗakin da ke kusa da rumbu, ta zama 'yar gida, tana ɗinkin hula da riguna tana sa hannu a tukunya. Daga baya fatake suka zo da labari, wai sun ga akawu a Sabon Garin Kano, ya ajiye wata mace har ta haihu. Muna tsinkar zogale a tsakar gida aka faɗa, Inna ta taɓe baki.

"To ai sai ya ɗaura mata aure, ya zo ya kwashe ki ku zauna," in ji Inna. "In kuma ba ya yi, ya sake ki, ki san inda dare ya yi miki."

"Inna, mu ba a haka," Ladi ta ce. "Miji ɗaya, mata ɗaya, sai mutuwa ta raba. Abin da yake yi a wurinmu zina ce, ko duk Kano ta ci goron. Kai, ko kallon sha'awa ya yi mata an rubuta masa."

"To yanzu sai me?"

"Sai ya tuba, in yafe masa."

"In bai tuba ba fa?"

"Sai in jira."

Inna ta ce wannan ba aure ba ne, turke ne. Ni kuwa na matsa mata da tambaya har ta ce akwai ƙofa ɗaya: in an tabbatar ɗaya ya yi zina, manyan coci suna iya sallamar ɗayan, kuma 'ya'ya sukan bi wanda ba shi da laifi. Na ce ai shi ke nan, gaskiya a hannunki take, ki kai shi. Ta ce ita ba rabuwa take so ba, uban 'yarta take so ya dawo. Sannan ta jawo Mairo jikinta ta ce, "Ni ban san uwata ba. Duk abin da zai sa a raba ni da wannan ba zan kusance shi ba." Haka kuwa ta yi. Ta daina zuwa kasuwa, in namiji ya yi sallama ta shige ɗaki.

Akwai wan maigidana, muna ce masa Yaya. Matarsa ta rasu wurin haihuwa, ya zauna haka nan, daga gona sai gindin tsamiyar ƙofar gida yana tufkar igiya. Mutum ne da sai ya wuni bai yi magana mai tsawo ba. Mairo ta maƙale masa, kullum tana zaune kusa da shi tana miƙa masa rama. Baba ya duba ya ga mace ba miji, namiji ba mata, yarinya ba uba, sai ya ga ai Allah ne ya haɗa. Ya ce auren macen da ke da Littafi halal ne, kuma ba wanda zai taɓa mata addininta. A wancan zamani babba ba ya zama yin shawara da mace a kan abin da ya ga alheri ne gare ta. Cewa kawai ya yi alƙali a Gumel yana so ya yi mata tambaya a kan mijinta. Aka ɗora ta a jaki aka tafi. Alƙali ya tambaye ta ko mijin yana aiko da abinci, ta ce a'a. Ko da tufafi, ta ce a'a. Ko ya taɓa leƙowa, ta ce a'a. Aka ce ta koma waje ta jira, maza suka gama maganarsu. Sai da suka dawo gida Baba ya gaya mata, fuskarsa cike da fara'a, cewa an raba auren, ta fara ƙirga idda.

Ta durƙusa ta ce, "Baba, ba wanda zai iya raba shi." Duk muka ɗauka kunya ce. Wace mace ce za ta yi tsalle a gaban babban mutum don an sake ta? Da lokaci ya cika, Yaya ya aiko da zane saƙi da lalle da ƙwaryar goro, aka bi unguwa gida gida ana rabawa, mata suka shigo suna guɗa. Ladi ta fito ta tattara kayan ta kai gaban Inna ta ajiye. Na bi ta ɗaki da tsohon cikina, raina a ɓace, don Yaya bai cancanci wannan ba.

"Me Yaya ya rasa?" na ce.

"Ba abin da ya rasa. Ya fi mijina kirki nesa ba kusa ba. Amma mijina yana da rai. A wurinmu macen da aka saka ta yi wani aure mijin farko na raye, zina take yi, ita da wanda ya aure ta."

Na tsaya ina kallonta. Na ce, "To ni fa? Nawa na farkon yana nan Gagarawa da ransa, yana noma."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ke ba a hanyarmu aka ɗaura miki ba."

"Ba shi na tambaye ki ba. Da ni taku ce, me za ku kira ni? Me za ku kira abin da ke cikin nan?"

Da ta yi mini ƙarya ko ta rabin baki, da na karɓa. Sai ta fashe da kuka ta ce, "Kin san amsar." Na fita. Na haihu aka yi suna ban yi mata magana ba. Ita ta zo da kanta da 'yar riga da ta ɗinka wa jaririn, ta zauna a bakin ƙofa har na gaji na miƙa mata shi. Mun shirya, amma ban manta ba, kuma har gobe in na tuna sai na ji zafin.

Bayan kaka sai ga akawu, ya yi ƙiba, da ɗan sanda a bayansa da wani tsoho mai gilashi wanda aka ce malamin cocinsu ne. Ladi da ta ji muryarsa ta saki taɓarya ta ruga ta wanke wa Mairo fuska, ta ɗaura zanenta mai kyau, tana cewa ya dawo, ya dawo. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure, mu mata muka laɓe a bayan zana. Tsohon yana da ladabi, ya gai da Baba yadda ya kamata, sannan ya fara tambaya a hankali. Da ƙafarta ta je gaban alƙali? Baba ya ce ƙwarai, ni na kai ta. An raba auren? An raba. Mutumin da ke nemanta, gida ɗaya suke kwana suke tashi? Baba ya ce ɗana ne, ga ɗakinsa can. An raba goro? Baba ya ce kaf unguwar nan ba gidan da bai ci ba, a tambaya. Da alfahari yake faɗa, bawan Allah, yana so baƙi su san ba mu wulaƙanta 'yar mutane ba, mun bi da ita ta hanyar da muke bi da 'ya'yanmu. Sai da ya ga akawu yana gyaɗa kai yana murmushi sannan ya gane ramin da ake haƙawa. Ya ce amma ta ƙi, ta mayar da kayan, ko hannunta ɗana bai taɓa ba, ya rantse da Alƙur'ani. Akawu ya karkata ya yi wa tsohon magana da Turanci. Ba na jin Turanci, amma na san abin da ya ce: wane uba ne ba zai rufa wa ɗansa asiri ba?

Aka kira Ladi. Ta faɗi yadda aka yi tun daga farko, ba ragi ba ƙari, kuma duk abin da ta faɗa sai ya zama ta tabbatar da rabin maganarsa. Tsohon ya cire gilashi ya goge ido. Ya ce zai kai magana gaban manyansu, amma yadda gari guda ya shaida, ya san abin da za su yanke: a sallami akawu, a hana ta cin gurasar da suke ci tare a coci, yarinya kuma ta bi ubanta tun yau. Ban san lokacin da na ɗaga zana ba. Na ce, "Shi fa? Matar da ya ajiye a Kano har da ɗa, ita wa zai yi mata tambaya?" Akawu ko kallona bai yi ba, ya ce 'yar'uwarsa ce mai yi masa girki. Tsohon ya mayar da gilashinsa. Ina jin ya sani, ko ya yi zato, amma a kan Ladi yana da shaidun gari guda, a kan akawu kuwa sai bakin wata mace daga bayan zana. Ya juya wurin Ladi ya ce ƙofar tuba ba a rufe take ba. Ya ce Annabi Isa da kansa an kawo masa macen da aka kama a kan wannan laifi ya hana a jefe ta. In ta zo Kano ta tsaya gaban jama'a ta amsa laifinta da bakinta, za a yafe mata, a bar ta ta zauna cikinsu, ta riƙa ganin 'yarta.

"Malam, ban yi ba," ta ce wa tsohon.

"To ba abin da zan yafe miki, 'yata," in ji shi.

Baba ya ce a shari'armu 'ya mace tana hannun uwarta har a kai ta ɗakin miji. Ɗan sanda ya gyara tsayuwa, ya ce wannan ma'aikacin Bature ne, shari'arku ba ta hau kansa ba. Mairo ba ta san uban ba. Da ya miƙa hannu ta ruga ta rungume ƙafar Yaya, sai da ɗan sanda ya ɓamɓare yatsunta. Ana jin kukanta har suka wuce kasuwa. Ladi ba ta yi ihu ba, zama ta yi a ƙasa da zanenta mai kyau, bakinta a buɗe.

Baba bai ƙara sakewa ba. Yakan zauna a zaure allo a gabansa ba ya karantawa, in an yi masa magana ya ce shi alheri ya nufa. Ni kuwa haushin kowa nake ji. Ina jin haushin akawu, wanda ya rasa hanyar fita daga aurensa muka share masa ita da hannunmu muka raba goro a kai. Ina jin haushin dokar da ta ɗaure mai gaskiya ta kwance maƙaryaci. Har ita Ladin ina jin haushinta, don da ta karɓi zanen Yaya da ko ba komai an hukunta ta a kan abin da ta ci. Ta yi rani guda a cikinmu tana ramewa. Ta daina waƙa. Ran Lahadi ta buɗe littafin a cinya ta zauna, ba ta juya shafi. Inna ta ce mata ai yanzu naku ma sun raba, ki auri Yaya ki haifi wasu. Ta ce shi suka sallama, ita tana nan a ɗaure.

Wata safiya, fatake suna ɗaure kaya za su Kano, na ga ta fito da tabarmarta a naɗe. Ta wuce ni ta tafi gindin tsamiya inda Yaya ke tufka, ta durƙusa nesa da shi. Rabon da ta yi masa magana baki da baki tun kafin a kawo goro. Ina bakin ƙofa da tulu, na ji komai.

"Yaya, zan tafi wurin Mairo."

"Allah ya kiyaye hanya."

"Za su ce in faɗi da wa na yi. Sunanka zan ambata a gaban jama'a. Ka yafe mini."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Mutumin nan ɗan malami ne, bai taɓa ɗaga ido ya dube ta sosai ba, kuma ya san fatake za su dawo da maganar har kasuwar Alhamis. Can ya ci gaba da murza ramar a cinyarsa.

"Je ki faɗa," ya ce. "In sun tambaya sau nawa, ki faɗi yadda zai ishe su."

Ta tashi ta bi bayan jakuna. Ban ƙara ganinta ba. Maganar kuwa ta dawo, kamar yadda ya sani, kuma Yaya ya mutu ba a sake ba shi limancin ko sallar gona ba. Wani bafatake da ya san ta ya gaya mana ta tsaya gaban cocin cike da mutane ta faɗa da ƙarfi, aka yi mata addu'a, aka yafe mata. Suka ba ta sharar wurin da benci na can baya. Akawu ya yi sabon aure da zobe, yana zaune a gaba da iyalinsa. In an tashi, ana barin Mairo ta zo ta gai da ita a bakin ƙofa, a tsaye, kafin matar uban ta kira ta su tafi.